Ruwan da Ya Tsufa Cikin Tiyo

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan taron ƙungiyarmu a Bobigny, da kunnena na ji ɗayanku yana cewa aikinmu ba wani abu ba ne. Wai a sauke tsohon akwati daga bango, a rataya sabo, a ɗaura tiyo, a danna maɓalli, gida ya ɗauki ɗumi. Har da ɗaga waya yana nuna bidiyon wani Bature da ya gama komai tun shayi bai huce ba. Na yi shiru ne don bakina cike yake da shinkafa. To yau babu komai a bakina, sai ku gyara zama.

Akwatin nan da kuke rainawa shi ne shodiyer, tukunyar gaz mai dafa ruwa ta tura shi cikin tiyo, ya zaga ɗaki ɗaki ta cikin radiyater, wato ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki, ya komo mata ta sake dafa shi. Rataya ta kam, duk mai ƙarfin ɗaukar buhun gero zai iya. Amma tukunyar a gidan mutane take zama, kuma mutane ba sa zama yadda takardar kamfani ta ce su zauna. Wannan ba a bidiyo na koya ba, a hannun wani tsoho na koye shi a Lyon.

Daga Tasawa na taso da niyyar karatu. Karatun bai yi ba, ciki kuma ba ya jira, sai wani ɗan garinmu ya haɗa ni da mai neman wanda zai riƙa ɗaukar masa kaya. Sunansa Armando, mutumin Portugal, gajere, ƙaƙƙarfa, yatsunsa duk tabon wuta. Faransancinsa bai fi nawa da komai ba, shi ya sa rabin karatun da hannu aka yi shi. In na yi daidai ya ɗaga gira. In na ɓata, ba ya faɗa ba ya zagi, sai ya kwance abin gaba ɗaya ya miƙo mini guntayen, ya je ya zauna bisa akwatin kayan aiki yana ɓare lemo. Wallahi gara a mare ka da wannan ɓare lemon.

Aikin farko da na bi shi, wani tsohon bene ne a tudun Croix-Rousse, inda masaƙa suka zauna a da, ɗakuna masu tsawon rufi, matakala kuma ba ta ƙarewa. Za mu sauke wata tsohuwar tukunya mu canja tiyon da ya ruɓe. Kafin a yanka komai sai an zubar da ruwan da ke cikin tiyo, ya sa ni na tara bokiti. Ruwan da ya fito baƙi wuluk, yana wari kamar kududdufi a ƙarshen damina. Na kawar da kai ina toshe hanci. Shi kuwa ya tsoma yatsa, ya murza, ya sunsuna, fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir.

Ya ce, "Isuhu, wannan ruwa mai kyau ne. Ya tsufa."

Na ɗauka zolaya ce. Ya zaunar da ni a matakala ya yi mini bayani da guntun Faransancinsa. Ruwan famfo sabo, in ji shi, yana zuwa da abu biyu: iska mai cin ƙarfe, da farar ƙasa mai daskarewa in ta ji wuta. Kun san farin ɓawon nan da ke kama gindin butar shayi a garin nan, to shi ne. In an cika tiyo sau ɗaya aka rufe, ruwan zai ɗan ci abin da zai ci, ya ajiye abin da zai ajiye, daga nan ya mutu, ya yi baƙi, ya yi ta zagawa shekara da shekaru bai cuci kowa ba. Amma gidan da kullum ake ƙara sabon ruwa, kullum ana zuba masa sabon maci. Ya ce in na ga ruwan tiyo garau, in ji tsoro.

Abu na biyu da ya koya mini ya fi ba ni haushi a lokacin, don ina ganin ɓata lokaci ne. Armando ba ya buɗe akwatin kayan aiki sai ya zaga gida kaf, hannuwa a baya, kamar mai neman saye. Ya leƙa bayan labule, ya shafa tiyo, ya ɗora kan sukudireba a jikin ƙarfe ya kara kunne a ƙotar yana saurare. Na taɓa tambayarsa me yake nema. Ya nuna mini marfin wani radiyater da fenti ya goge yana ƙyalli, ya ce in riƙa duba inda hannu ya goge, don mai gida zai gaya maka abin da ya sani ne kawai, abin da hannunsa ke yi kullum kuwa ya manta yana yi.

Kuma mutum ne mai kunya ta wani fanni da ban yi zato ga Bature ba. In muka isa ƙofa ya ga takalma a jere, tun ba a ce komai ba ya tuɓe nasa, ya ciro wani silifa mai tsabta da yake ajiyewa cikin leda. In azahar ta yi, ko muna tsakiyar aiki, sai ya shimfiɗa mini kwali mai tsabta a kusurwa ya nuna da haɓa, shi ya ci gaba da riƙe tiyo. Bai taɓa tambayata komai game da salla ba, ni ma ban taɓa tambayarsa ƙaramin gicciyen da ke wuyansa ba.

Kayan aikinsa ba su da yawa, amma kowanne yana da wurinsa, kuma kaito in ka mayar da shi inda ba nan ba. Akwai shalimo na narka dalma a haɗa jan ƙarfe. Akwai wani zare da ake naɗawa a bakin tiyo kafin a ɗaure, da na gani na yi dariya na ce ai wannan ramar garinmu ce, da ita muke tufka igiya. Sai kuma abin da ya fi ƙauna, ƙarfen lanƙwasa tiyo, wanda ƙotarsa ta yi santsi don riƙo. Armando yana lanƙwasa jan ƙarfe ya bi kusurwar bango sumul, babu ƙuna babu lotsawa, ko da a wurin da za a rufe da siminti. Na ce masa wa zai gani? Ya ce ma'aikacin da zai fasa bangon nan bayan mun mutu. Har yau ban ga hannu irin nasa ba, kuma na ga hannuwa da yawa.

Da na samu takardata na yi aure, sai na komo wajen Paris, inda mutanenmu suka fi yawa. Stains, La Courneuve, Bobigny, babu lungun da motata ba ta shiga ba. Mutanenmu kuwa, Allah ya bar mu tare, akwai abin dariya. Wani zai murɗa zafi har ƙarshe sannan ya buɗe taga wai ɗakin ya yi masa zafi. Wata ta shanya zannuwa bisa radiyater har ba a ganin ƙarfen, ta kira ni wai ba ya aiki. Na taɓa samun daddawa ana busarwa a kan wani, ƙamshi ya cika bene har maƙwabta na buga ƙofa. Wanda ba na dariya a kansa shi ne toshe ƴan ramukan iska na kicin da tsumma wai sanyi na shigowa. Wannan kam ko gidan surukina ne sai na ɗaga murya, don hayaƙin gaz ba ya wari, kwantar da mutane yake su ƙi tashi.

Shekarar da ta fi muni ita ce ta annobar nan da aka kulle kowa a gida. Aiki ya tsaya cik, in ma an kira ka, kayan gyara ba sa zuwa, sai ka yi ta kwance tsofaffin tukwane kana neman abin da zai shiga wata. A cikinta ne ɗiyar Armando ta kira ni ta ce tsohon ya cika a asibiti. Ba a bari a yi tafiya ba, ban je jana'izarsa ba, abin yana ci mini rai har yanzu. Da hanya ta buɗe, sai ga ƙunshi daga Lyon. Ƙarfen lanƙwasa tiyon nan ne, an naɗe shi da tsohuwar rigar aikinsa.

Cikin sanyin da ya biyo baya, wata safiya ina shan kunu, Alhaji Sani ya kira ni. Mutumin Damagaram ne, yana kasuwancin kaya tsakanin nan da gida, yana da ɗan gida mai bene ɗaya a Stains. Alhaji mutum ne da in ya fara gaisuwa sai ya tambaye ka har kajin gidanku, amma ran nan cewa ya yi, "Malam Isuhu, gaisuwa ta biyo baya. Tukunyarmu ta sake mutuwa, kuma ina cikin wani hali."

Halin shi ne, maiɗakinsa Hajiya Rabi ta haihu. Sun daɗe suna nema, ciki yana zuwa yana zubewa, har mutane sun daina yi musu maganar. To wannan karon ya tsaya, amma yarinyar bakwaini ce, tana asibiti cikin kwalba tun ranar da ta zo duniya. Yanzu likita ya ce ƙarshen mako za a iya sallamarta, da sharaɗin gidan da za a kai ta ya zama da ɗumi dare da rana, don ɗan sanyi kaɗan zai iya mayar da ita asibiti, ko abin da ya fi haka. Ga gida ya yi sanyi ƙalau, numfashi ma ana ganinsa a falo.

Na isa na tarar da kicin an fasa daɓensa an sake liƙewa. Alhaji ya ce ma'aikatan da suka sa masa tukunyar ne suka yi ta neman inda ruwa ke yoyo ba su samu ba. Ita kanta tukunyar ba tsohuwa ba ce, ta gabanta ma haka ta mutu. Ya nuna mini allurar da ke auna ƙarfin ruwa, ya ce kullum sai ta faɗi, shi kuma kullum sai ya buɗe famfon ƙasa ya ƙara ruwa ta tashi, kamar yadda aka nuna masa.

Na tara bokiti na buɗe. Ruwa ya fito garau, kamar a sha, sai ƴan ɓarɓashin tsatsa ja a ƙasa. Na tuna maganar Armando. Na kwance cikin tukunyar, farar ƙasa ta toshe ta kamar dutse. Na yanka guntun tiyo na ɗaga wa haske, ƙarfen ya cinye daga ciki, saura ɓawo. Na ce wa Alhaji tukunya sabuwa dole, tiyon gidan ma duk sai an canja, kuma zan iya gamawa kafin a sallami yarinya in na ajiye sauran ayyukana. Amma na gaya masa gaskiya, in ban gano inda ruwan ke tafiya ba, sabuwar ma mutuwa za ta yi, kuma ba ta faɗa wa kowa ranar da za ta tsaya.

Bango a bushe, rufi a bushe, ƙarƙashin gida a bushe. Ruwa mai yawa haka ba ya ɓata bai bar sawu ba. Na sa hannuwana a baya na fara zagawa irin ta Armando, Alhaji na bina yana duba agogo. Da muka hau bene na nufi ɗakin ƙarshe, sai ya riƙe mini hannun riga.

Ya ce, "Nan ɗakin Baba ne. Radiyater ɗinsa bai taɓa ba mu matsala ba, kada mu dame shi."

Mahaifinsa ne, ya ɗauko shi daga Damagaram don aikin ido, idon bai yi ba, tsohon ya zauna. Na ce ai ko don gaisuwa na shiga. Muka yi sallama. Baba yana zaune bisa buzu, an lulluɓe shi da bargo, tasbaha a hannu, idanunsa sun yi fari. Na durƙusa muka gaisa gaisuwa ta sosai, ya tambaye ni garinmu, ya ce ya taɓa kwana a Tasawa zamanin yana fatauci, har ya tuna sunan unguwar da ya sauka. Ina amsawa ina satar kallon radiyater ɗin da ke gefensa.

Irin na dā ne, na baƙin ƙarfe, an shafe shi da fenti har ba iyaka. A samansa ta gefe akwai ɗan ƙaramin famfo mai kan tagulla, wanda ake murɗawa a fitar da iska in ta taru. A ko'ina cikin gidan, fenti ya liƙe irinsa. Wannan kuwa yana ƙyalli kamar zoben amarya. A ƙasansa ga buta, ga ƴar roba, ga tsumma a ninke da jan tabo. Na yi wa Baba sallama muka sauko.

A kicin na rufe ƙofa na ce, "Alhaji, da wane ruwa Baba ke alwala?"

Ya ce da na ɗan bayin da ke sama, famfon sanyi ne kaɗai a ciki, amma Baba ya ce jikinsa ya saba. Yana faɗa yana kallona, sai na ga ya gane inda na dosa. Ya zauna bisa kujera ya kama kai yana salati. Shi da kansa, in ji shi, ya kama hannun Baba ya ɗora a kan ɗan famfon, ya nuna masa yadda zai saki iska in ƙarfen ya ƙi ɗumi. Bai taɓa tunanin abin da ke biyo bayan iskar ba, wato ruwan ɗumi. Sannan ya ba ni sauran labarin. A da Hajiya Rabi ce ke dafa ruwa ta hau da shi bene kowace salla. Cikin da ya zube na ƙarshe, a matakalar nan ciwon ya kama ta, buta a hannu. Ranar da ta dawo daga asibiti Baba ya kira ta ya ce ta daina kawo ruwa, shi yanzu na sanyi ya fi masa daɗi. Kowa ya yarda.

Tun daga ranar tsohon nan, da ciwon gaɓoɓinsa da makantarsa, yake lalubawa ya ɗebi ruwan alwalarsa daga jikin ƙarfe, don kada surukarsa ta sake hawa matakala saboda shi. Ɗansa kuma a ƙasa yana ƙara sabon ruwa. Na ga abubuwa a gidajen mutane, amma wannan ya sa na ji girman tsohon ya cika mini ido.

Alhaji ya ce, "Ba zan iya gaya masa ba, Malam Isuhu. Ya za a yi in ce wa mahaifina shi ya kashe tukunya? Ka sa irin famfon da ba ya buɗuwa da hannu, mu yi shiru."

Na ce in na yi haka, ɗayan biyu ne. Ko Baba ya koma ruwan ƙanƙara bai gaya wa kowa ba, ko Hajiya ta gane ta koma hawa bene da ɗanyen jego. Barin famfon yadda yake kuma ba zai yiwu ba, don sabon ruwan sai na zuba masa maganin hana tsatsa, wanda ba a kai shi baki, Baba kuwa yana kurkure baki da shi. Na ce ya ba ni izini in ƙara jan tiyo ɗaya wanda ba ya cikin maganarmu, maganar Baba kuma ya bar mini.

Lokacin azahar ya gabato, kuma na riga na zubar da ruwan gidan kaf. Na ɗora buta a wuta, na sirka, na hau da ita da kaina. Na tarar da shi ya matso gindin radiyater, hannunsa a kan ɗan famfon, babu abin da ke fita. Ya ji motsina ya juyo.

Ya ce, "Ɗan Tasawa, kai ne ka ƙafar mini da rijiya?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Ga wani na kawo."

Ya karɓa ya shafa jikin butar, ya ji ɗuminta. Makaho ne amma ba a yi masa wayo, ya ji duk kai da kawowar da ake yi a gidan. Can ya ce, "Gaya mini gaskiya, don kai ba ɗana ba ne, ba ka da dalilin ɓoye mini. Injin nan da ke ta mutuwa, ni ne?"

Na ce, "Baba, ruwan da kake ɗiba ne. Ba a gaya maka ba, ba yadda za a yi ka sani."

Ya sunkuyar da kai yana jan tasbaha. Ya ce ashe jikar da yake ta roƙa wa Allah, shi ya sanyaya mata gida. Na ce a'a, gidan zai yi ɗumi kafin ta zo, wannan a wuyana yake. Sai ya tambayi abin da na san shi ya fi damunsa, ko akwai wani abu a cikin ruwan, don ya daɗe yana salla da shi. Na ce ruwan famfo ne zalla, ba a taɓa zuba masa komai ba sai abin da ya kwaso a jikin ƙarfe, hukuncin kuma shi ne malami, ya fi ni sani. Amma daga yanzu zan sa magani, kada ya sake taɓawa. Ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada Rabi ta ɗauki buta saboda ni." Na ce ba za ta ɗauka ba.

Kwanakin nan ban san na yi aiki irinsu ba tun ina saurayi. Na yanke tsohon tiyo na fitar, na sauke radiyater ɗaya bayan ɗaya zuwa tsakar gida na wanke cikinsu da ruwa mai ƙarfi har jan ya daina fita, yatsuna sun ƙage don sanyi. Na rataya sabuwar tukunya, wato ɗan abin da kuka gani a bidiyo, shi ya fi komai sauƙi. Na ja jan ƙarfe sabo ɗaki ɗaki. Sannan na ɗauko ƙarfen Armando na ja tiyon da na roƙa, daga ruwan zafi na wanka, ya bi ta cikin kabad ɗin kicin, ya huda rufi, ya bi gindin bango har ɗakin Baba. Na sa masa abin sirka ruwa don kada ya ƙone shi, na kafa ƴar kwatarniya ƙasa ƙasa daidai mai zaune, na haɗa magudanarta da ta bayi. Famfon kuwa na neme shi mai zagayayyen kai, na kafa shi dab da inda hannunsa ya saba zuwa, don makaho da hannu yake gane wuri.

Da na gama na cika, na zuba magani, na kunna. Na bi gidan ina shafa ƙarfe ɗaya bayan ɗaya ina jin ɗumi yana hawa. Na kama hannun Baba na ɗora a sabon famfon, na ce ya bar shi ya ɗan zuba kafin ɗumin ya iso. Ya murɗa, ya jira, da ruwan ya taɓa shi ya yi dariya har ina ganin dasashinsa, ya yi mini addu'ar da ban taɓa samun irinta a wurin aiki ba. Na ce ya sa wani tsoho mai suna Armando a cikin alherin da yake fata, don shi ya koya mini. Ya ce Allah ya san shi.

Ranar da aka kawo yarinya na koma don in duba allura, tana nan inda na bar ta. Hajiya Rabi ta shigo da ita a naɗe, ƴar mitsitsiya, ba ta zauna ba sai da ta hau a hankali ta kai wa Baba. Ina tsaye a bakin ƙofa tare da Alhaji. Ta ga sabon famfo, ta ga jan tabon da tsatsa ta bari a daɓe ƙarƙashin radiyater, ta dubi tsumman da ta daɗe tana wankewa ba ta san abin da ke rina shi ba. Ba wanda ya gaya mata komai. Hawaye kawai na ga suna zubo mata, ta durƙusa ta ce, "Baba, ga ta."

Ya ce ta dakata. Ya laluba ya buɗe famfon, ya tara hannuwansa biyu a ruwan har suka yi ɗumi, ya goge su tas da gefen bargo, sannan ya miƙa ya ce, "To, yanzu ba ni ita."

Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Ɗakin ya zama na yarinyar, Ummi suke ce mata don sunan mahaifiyar Alhaji ta ci. Duk farkon sanyi ina zuwa duba tukunyar, kuma zuwan da na yi na bana na tarar da ita a gaban famfon nan, ya zo mata daidai tsawonta, tana kwaikwayon alwala ta jiƙa riga sharkaf, uwarta na yi mata faɗa. Na sauka kicin na tara ɗan kofi na ɗebi ruwan tiyo in gani. Ya fito baƙi wuluk, yana wari. Alhaji ya toshe hanci ya ce, "Subhanallahi, Malam Isuhu, ba dai ta sake lalacewa ba?" Na tsoma yatsa na murza, na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ruwan ya tsufa.